Shekarar da na ce ni ma furodusa ne

Shekara goma sha ɗaya ina riƙe da littafin kwantiniti kafin in yi ƙarfin halin ce wa kaina furodusa. Ga wanda bai san aikin ba, mai kwantiniti shi ne mutumin nan da ke raɓe a gefen kyamara da biro a hannu, yana rubuta hular da jarumi ya sa, da hannun da agogonsa yake, da inda shayi ya tsaya a kofi, don kada gobe a ci gaba da ɗauka a ga mutum ya shiga ɗaki da zanna bukar ya fito da dara. Ba mai tare ka a titi ya ce ku yi hoto. Amma duk abin da ya faru a lokeshin a kan idonka ya faru, har da wanda ba a so ka gani.

Na shigo harkar a 2012, faifan CD yana kan gargara mu ba mu sani ba. Maigidana yakan aike ni kasuwar Ƙofar Wambai a Kano karɓo kuɗi wajen 'yan kasuwar fim, in wuni a kan benci ana ce mini Alhaji ya tafi masallaci, da yamma in koma Zoo Road da rabin abin da aka aike ni. Manya suna ba mu labarin zamanin kaset, lokacin da kwali furodusa yake bugawa ya sayar wa ɗan kasuwa, shi kuma ya kwafi fim ɗin da kansa. Masana'antar fina-finan Hausa da ta faro da fim ɗin Turmin Danya a 1990 a hannun mai shago ta girma, kuma ba irin tsinuwar da ba mu yi wa wannan tsari ba. Sai ga masu turi sun zo, a cika maka waya da fina-finai a kan kuɗin da bai kai na faifai ɗaya ba, ga fassarar Indiya ta cika gari. Shagunan faifai suka koma sayar da caja da murfin waya. A lokacin muka gane ashe mai riƙe maka kuɗi ya fi babu.

Tashar talabijin ta Arewa24 da ta buɗe a 2014 ita ta saba wa mutane da jiran fim mako-mako. Da aka shiga kullen korona a 2020 kuma, kowa yana gida da waya a hannu, irin su Izzar So da Labarina suka nuna cewa fim mai dogon zango zai iya riƙe mutum. Kowa ya juya can. Ba sai ka durƙusa wa ɗan kasuwa ba, ka buɗe tasharka a YouTube ka ɗora. Wannan maganar ce ta ja ni.

Ranar da na samu Maigida da zancen yana cin gurasa a ofis. Na tsuguna na gaishe shi, na ce, "Maigida, ina so in gwada nawa."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Labari gare ka ko kuɗi?"

Na ce labari.

"To kai marubuci ne. Ka dawo idan ka zama furodusa."

Na ji zafin maganar har cikin ƙashina. Amma shi ne dai ya ara mini fitilu uku da abin ɗaukar sauti, bai karɓi ko sisi ba, sai dai ya ce in wani abu ya fashe kada in zo masa da labari.

Labarin nawa na wa da ƙani ne da suka gaji gona a bakin gari, dillalai suna zuga ƙanin a yanka ta a yi awon igiya. Da gangan na zaɓe shi: babu gidan bene, babu jerin motoci, babu filin jirgi. Kashi goma sha uku, zango ɗaya. Na zauna da wani marubuci wata biyu muna faɗa a kan kowane sin, wato kowace fitowa a fim, domin shi yana rubuta abin da zai yi daɗi, ni ina lissafin abin da zai ci. In ya rubuta taron biki, in ce a mayar da shi washegarin biki, ana wanke-wanke.

Kuɗin kuwa, kunya ma nake ji in faɗa. Filina na awon igiya na sayar, ni mai fim ɗin da ke kuka da masu sayar da ƙasa. Yayata ta ba ni kwasar adashinta, ta ce, "Auta, ba kyauta ba ce, na kayan ɗakin 'yata ne." Duka-duka suka kama naira miliyan huɗu da ɗoriya. Na yi rijistar sunan kamfani, na yi ta Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano. A shekarar, wato 2023, aka naɗa Abba El-Mustapha, wanda shi ma ɗan fim ne, ya shugabanci hukumar, aka ce kowa ya sabunta takardunsa, na bi layi na yi.

A watan Afrilun 2023 na rubuta kasafina, layi-layi, kamar yadda na ga ana yi. Ranar 29 ga Mayu Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Litar da na lissafa a ƙasa da naira 200 ta haura 500 kafin mu fita, a watan Yuli ta wuce 600. Fim kuwa mai yake sha: motar da za ta kwashi ma'aikata, janareton da zai riƙe fitilu, babur ɗin da za a aika ya ɗauko wanda ya makara. Na cire kwana biyar daga kwanakin ɗauka, na haɗe mutum biyu na cikin labarin suka zama mutum ɗaya. Kawun da ke ba da shawara shi ne kuma ya koma liman.

Sai maganar jarumi. Kowa ya san in babu fuskar da aka sani a fosta, ba mai danna fim ɗinka ko da zinare ka zuba a ciki. Na samu wani babba ta hanyar Maigida, ya ce don mutuncinsa zai ba ni kwana biyu. Kwana biyu, a fim mai kashi goma sha uku! Muka tsinto duk inda ya fito, sin talatin da ɗaya, muka jera su ba bisa tafiyar labari ba, bisa ɗaki da riga. Da hantsi yana kukan mutuwar mahaifinsa, bayan azahar yana dariya da mahaifin a zaure, la'asar sakaliya kuma ya koma zaman makoki don rana ta dawo inda muke so. A nan shekaruna goma sha ɗaya suka yi mini rana. Darakta yana kallon fuska, ni ina kallon maɓallin riga. Shi kuwa jarumin, in faɗi gaskiya, ya cancanci kuɗinsa. Sai a karanta masa sin sau ɗaya, ya tambayi abin da ya faru kafin nan, ya shiga ya yi kamar da shi aka rubuta.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ba nasa ba ne. A farkon 2022, da tsohuwar jaruma Ladin Cima ta faɗa a hirarta da BBC Hausa cewa 'yan dubbai kaɗan ake sallamarta da su a fim, gari ya ɗauka, ni ina cikin waɗanda suka fi kowa zafi. A majalisa na ce furodusoshi ba su da tsoron Allah. Shekara ɗaya da 'yan watanni bayan nan, ga ni tsaye a bayan katanga da ambulan a hannu, gaban wata dattijuwa da ta girmi mahaifiyata, ta wuni a rana tun safe ta fito a sin huɗu. Na san abin da ke cikin ambulan ɗin. Na ce, "Mama, a yi haƙuri, ba yawa." Ta karɓa ba ta buɗe ba, ta ce, "Allah Ya sa a fara a sa'a, ɗana." Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Har yau ban canza ra'ayi ba, abin da ake ba su bai kai ba. Sai dai yanzu in ana zancen a majalisa ba na ɗaga murya.

Ƙauyen da muka yi aiki yana kan hanyar Gezawa. Kafin a sauke ko waya ɗaya sai da muka je gaban dagaci da goro, muka faɗi abin da ya kawo mu, ya tambaya ko akwai rawa a ciki. Na ce babu. Ya haɗa mu da wani dattijo da zai riƙa kora mana yara, aikin da ya fi na kowa wuya, domin yaro in ka kore shi ta gabas ta kan katangar yamma zai ɓullo. Mutanen garin sun yi mana halacci. Gidan da muka mayar gidan gado, masu shi suka koma ɗaki ɗaya suka bar mana sauran, matar gidan ma har dambu ta yi mana ranar da abincinmu bai iso ba.

Damina ce, kuma wanda bai taɓa ɗaukar sauti a ƙarƙashin rufin kwano ba bai san ruwa ba. Yayyafi kaɗan sai ka ji kamar ana soya gyaɗa a kunnenka. Mu zauna mu jira. Ruwa ya ɗauke, a ce "aushin" don a fara ɗauka, sai akuya ta amsa. A kore ta, sai injin niƙa ya tashi a maƙwabta. Ranar nan sai da na biya mai injin kuɗin niƙan awa biyu don ya kashe. Kowane zaman jira kuwa janareto yana ci, mutum ashirin da wani abu suna jiran abincin rana, ni kaɗai na san abin da ya rage a aljihu. Da ina yaron wani, in aka ce an tashi saboda ruwa murna nake yi. Yanzu hadari in ya haɗo cikina ne yake fara ƙugi.

A kwana na tara kuɗi suka ƙare ƙaf, saura sin goma sha shida. Muka watse a kan za a dawo bayan mako guda. Mako ya zama biyar, sai da na sayar da babur ɗina. Da muka koma, na tsaya a bakin gonar na riƙe baki. Geron da muka bari iya gwiwa ya fi ni tsawo. A labari kuwa washegari ce. Ni da aikina kenan shekara da shekaru, ban taɓa rubuta tsawon gero a littafi ba. Kafin in farfaɗo, jarumarmu ta sauko daga mota hannu da ƙafa sun sha jan lalle, an yi bikin ƙawarta. Darakta ya dube ni, na dube shi, muka fashe da dariyar da ba ta daɗi ba. A ƙarƙashin wata bishiyar ɗorawa muka zauna muka sake rubutu: aka sa ƙanin ya yi tafiya Legas ya yi wata biyu, rigimar ta kwanta ta sake tashi da ya dawo, lallen kuma aka ce na sunan 'yar maƙwabta ne. Abin mamaki, masu kallo wannan ɓangaren suka fi yabawa, wai mun nuna yadda gaba take daɗewa a cikin dangi.

Mai ɗaukar hotonmu, abokina tun muna yaran lokeshin, rabin kuɗinsa ya karɓa, ya ce sauran sai fim ya kawo. Mai kwalliya ta ce a ba ta na mota kawai. Darakta bai karɓi komai ba sai sunansa a fosta. In da zan biya kowa abin da ya dace, miliyan huɗun nan ko rabin zango ba za ta kai ba. Sauran duk alfarma ce, kuma alfarma a wannan sana'a rubuce take ko ba a rubuta ba.

Wata biyu muka yi a ɗakin edita a Zoo Road, rabinsu jiran wuta. A can muka gano sin guda, mafi zafi a fim ɗin, inda wan yake rantsuwa a gaban dagaci, babu sautinsa sam, batir ya mutu ba wanda ya lura. Muka kira ɗan wasan, muka lulluɓe shi da bargo biyu a tsakiyar zafin Oktoba, yana kallon bakinsa a waya yana maimaitawa har ya dace. Ya fito jiƙe sharkaf ya ce in na sake kiransa fim sai na haɗa masa da fanka.

Daga nan sai tacewa. Mai shirya fim a Kano ba ya wasa da takardar amincewar Hukumar Tace Fina-finai. Tun 2001 aka kafa hukumar, kuma duk wanda ya kwana biyu a masana'antar zai ba ka labarin 2007 zuwa 2008, zamanin da Abubakar Rabo yake shugabantarta, da aka dakatar da ɗaukar fim na watanni, wasu suka shiga gidan yari, wasu suka kwashe kayansu suka koma Kaduna. Ko a watan Mayun 2025 sai da aka dakatar da fina-finai masu dogon zango 22 a kan rashin kai su a duba, har da manya. Na kai nawa, na biya abin da ake biya, aka kalla. Gyara biyu aka ba ni: wata ashar da ƙanin ya yi cikin fushi, da wani wuri da hannun wan ya kai ga mayafin matar ƙaninsa. Na cire. Ashar ɗin ma da na sake ji a ɗakin edita, na tuna Yaya za ta kalla da 'ya'yanta, ban yi kewarta ba.

Tashata ta YouTube mutum ɗari uku da 'yan kai ke bin ta, yawancinsu 'yan uwa da abokan makaranta. Wani mai babbar tasha ya ce in kawo ya ɗora a raba, amma fim ɗin ya zauna a wurinsa. Wata tashar talabijin da na kai wa ta yi tayin da ko kuɗin mai bai mayar ba. Na ce ai don in tsaya da ƙafata na fito, a tawa zan sa. YouTube kuwa ba ya fara lissafi da kai sai kana da mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo a cikin shekara. Kashi uku na farko sadaka na yi. Da na cika sharaɗi aka duba tashar aka amince, sai aka ce za a aiko da wasu lambobi a takarda ta gidan waya don a tabbatar da adireshina. Ni da nake lungun da ko mai A Daidaita Sahu sai an yi masa kwatance da injin markaɗe! Adireshin wurin aikin mijin Yaya na bayar, kullum ina kiransa kamar mai bin bashi. Sannan ba a turo maka komai sai kuɗinka sun kai dala 100, kuma kashi 55 cikin ɗari na kuɗin talla ne naka.

A nan na ga abin da ban taɓa tunani ba. Mafi yawan masu kallona suna Nijeriya da Nijar, amma ba su ne masu kawo kuɗin ba, domin tallan da ake nuna wa mai kallo a Kano ko Maraɗi araha ne. 'Yan uwanmu da ke Saudiyya, da ɗaiɗaikun da ke Ingila da Amurka, su kaɗan ne a lissafi, amma kallonsu ya fi tsoka nesa ba kusa ba. Wata baiwar Allah da ke aiki a Jidda takan rubuto duk mako cewa gonar nan ta tuna mata da ta kakanta. Na kan ce a raina, Hajiya, ba ki san ke ce kike saya mana mai ba.

Su kuwa na gida, da yawansu ba ma ta tashar suke gani ba. Wata ranar Asabar, awa biyu da sakin kashi na shida, na tsaya a rumfar wani mai turi a unguwarmu na miƙa waya na ce a sa mini sabon abu. Yaron bai san ni ba. Ya ce, "Yallaɓai, akwai wani na rigimar gona, ba manyan jarumai sosai, amma wallahi akwai labari." Na ba shi naira ɗari ya tura mini fim ɗina. Na rasa abin da zan yi, in kama shi da faɗa ko in gode masa, domin duk garin nan ba wanda ya taɓa tallata ni da zuciya ɗaya kamarsa. Na karɓi wayata na tafi.

Na fito ne don kada in sake zaman benci a shagon wani. Yanzu ga ni da tsakar dare ina latsa waya ina duba ko kallo ya hau, ina canza hoton fosta sau uku a yini don na ga wanda ake kuka a ciki ya fi jan mutane. In ka yi mako ɗaya ba ka saki ba, tashar ta yi sanyi, masu sharhi su fara tambaya ko an mutu ne. Alhajin Ƙofar Wambai ko ba komai ka san shagonsa, ka san masallacin da yake salla, za ka iya haɗa shi da wanda yake jin nauyi. Wannan sabon maigidan, YouTube, ba shi da zaure. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri.

Abin da ya tsamo ni tallan cikin fim ne, irin wanda ake yanka labari a saka. Mai shagon atamfa ya kawo, mai maganin gargajiya ya kawo, na ce sai ya rage alƙawuran da yake yi wa mutane, ya yi fushi ya tafi. A kashi na takwas sai ga kiran wani mai sayar da filaye, yana son minti ɗaya a kowane kashi har ƙarshen zango, kuɗi a hannu. Na ce, "Alhaji, ka kuwa kalli fim ɗin?" Ya ce ya kalla, ai shi ya sa, duk mai kallonsa maganar fili ce a ransa. Kwana biyu ina juya abin. Na karɓa. Saboda haka in ka kalli kashi na tara, daidai inda wan yake kuka a kan gonar ubansa, za a yanke a ce maka akwai fuloti a biya kaɗan-kaɗan. Marubucin bai yi mini magana ba har wata guda.

Da kuɗin tallan na cika wa mai ɗaukar hoto, na koma wajen Mama da wata ambulan ɗin, wannan karon na iya kallon idonta. Kuɗin Yaya sai da suka ɗauki wata tara, kaɗan-kaɗan, amma an kai 'yarta ɗaki da kayanta cif. Fili bai dawo ba, babur ma haka. Da na mayar wa Maigida fitilunsa ya ƙirga su, ya kunna kowace, sannan ya ce, "Furodusa, zauna mana." Ranar ce ta farko da na zauna a kujera a ofishinsa.

Masu kallo suna ta tambayar zango na biyu. An rubuta shi, yana cikin jaka. Amma makon jiya abokina mai ɗaukar hoto ya kira, ya ce shi ma ya sayar da wani abu, zai gwada nasa, ranar Litinin za su fita wani ƙauye a hanyar Ɗambatta. Bai yi maganar kuɗi ba, ni ma ban yi ba. Na dai tambaye shi kwana nawa, ya ce goma sha biyu in Allah Ya yarda. Na ce ya rubuta ashirin. Jiya na biya ta bakin kasuwa na sayi sabon littafi da biro biyu, kuma a shafin farko na ja layi na rubuta: tsawon gero.